Ruwan da Ake Sha a Gidajen Katsina: Famfo, Rijiya, Bohol, Kura da Leda

Gida ɗaya a birnin Katsina yakan sha ruwa iri uku ko huɗu a cikin mako guda. In famfo ya kawo, a tara a duk abin da aka samu. In ya ɗauke, a leƙa waje a kira ɗan garuwa. Baƙo ya yi sallama, a aiki yaro ya sayo ruwan leda mai sanyi. Rijiyar tsakar gida kuwa an ce ta wanki ce da wanke-wanke, amma ranar da aka matsu ita ma randa take shiga. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da ɗanɗanonsa, kuma kowa a gidan yana da wanda yake yabo. Tsofaffi sukan ce babu kamar ruwan rijiya da ya kwana a randa, matasa kuma sun fi yarda da na leda. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, harshe yana gane gishiri da ƙarfe da laka, amma ba ya gane ƙwayar cutar taifot ko ta amai da gudawa. Don haka kowane ruwa sai an auna shi sau biyu: yadda yake a baki, da kuma hanyar da ya biyo kafin ya iso kofi.

Shi harshen ma yana da amfaninsa in an san karatunsa. Ruwa mai zartsi, wanda ake sha ƙishirwa ba ta tafi ba, gishirin ƙasa ne ya narke a cikinsa da yawa. Shi ne sabulu ke ƙin kumfa a ciki, shi ne kuma ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Ruwan da aka ɗebo shi garau amma bayan 'yan sa'o'i ya koma ja-ja ya bar zobe a jikin bokiti, ƙarfe ne, kuma za ka ga shayin da aka dafa da shi ya yi baƙi ƙirin ya rasa ƙamshi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yakan fito daga rijiya ko tankin da iska ba ta shiga. Warin ƙasa ko na gansakuka kuwa, ko dai daga dam ya taho ko daga jarkar da ta daɗe ba a wanke ba. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ya sa iyaka ga waɗannan: narkakken gishiri kada ya wuce miligiram 500 a lita ɗaya, ƙarfe 0.3, naitiret (wani sinadari da ke fitowa daga masai da takin dabbobi) 50. Ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna kashi ya taɓa ruwa, ba a yarda a ga ko ɗaya ba a cikin mililita 100. Gishiri da ƙarfe bakinka zai gaya maka. Naitiret da E. coli ba su da ɗanɗano ko wari ko launi, kuma su ne suka fi haɗari.

Ruwan famfo

Ruwan famfon birnin Katsina tushensa dam ɗin Ajiwa ne, a ƙaramar hukumar Batagarawa, wanda aka gina a tsakiyar shekarun 1970. Akwai kuma dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma, da aka kammala a 1983. Ruwan dam ruwan sama ne da ya wanke gonaki da hanyoyi, shi ya sa yake da sauƙin gishiri, sabulu na kumfa a cikinsa, kuma wake da tuwo sun fi daɗin dahuwa da shi. A matatar ruwa ana zuba masa alif laka ta dunƙule ta kwanta, a ratsa shi ta yashi, sannan a sa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ɗan warin maganin da mutane ke ƙorafi a kansa alamar alheri ce. Ana so ruwa ya iso bakin famfonka da ragowar kulorin kimanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, don ya ci gaba da kashe abin da ya haɗu da shi a hanya. Wanda warin ya dame shi, ya zuba ruwan a tulu mai tsabta ya bar shi 'yan sa'o'i, zai ragu da kansa.

Matsalar ruwan famfo tana cikin bututu ne. Bututun da ruwa ke cikinsa dare da rana, ko ya fashe, waje yake feso ruwa. Wanda ake kawo masa ruwa yau a ɗauke gobe kuwa, da zarar ya zama fayau sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace tsaga. Duba yadda bututan gidaje suke ratsa kwata a lungunan cikin gari, wani an ɗaure shi da tsohuwar robar taya, wani yana kwance tsamo-tsamo a cikin ruwan wanke-wanke. Masu haɗa injin zuƙo ruwa kai tsaye a jikin babban bututu suna ƙara dagula lamarin, domin suna ja da ƙarfi, kuma ba su kaɗai ke shan abin da suka jawo ba, har maƙwabta. Saboda haka bokiti biyu ko uku na farko bayan famfo ya dawo, a ba shuka ko a wanke banɗaki da su. A fara tara na sha bayan ruwan ya washe. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, dam kan cika da laka, kuma ruwan da ya zo a gurɓace kulorin ba ya cin ƙarfinsa sosai, don ƙwayoyin cuta suna laɓewa a jikin lakar. A ganinmu, ruwan famfon da ya zo garau da ɗan warin magani ya fi duk sauran dacewa da gida in aka haɗa araha da daɗi da lafiya. Aibinsa rashin tabbas, don ba ka sanin ranar da zai zo.

Rijiya

Ruwan rijiya shi ne ya fi rinjayar zuciya. Yana fitowa da sanyinsa ko a tsakiyar bazara, yana da wani garɗi na ƙasa, kuma wanda ya tashi da shi ba ya jin ya sha ruwa sai shi. A ƙauye, inda rijiya take can bakin gona nesa da gidaje, wannan yabo yakan yi daidai. A cikin gari lissafin ya sauya, kuma lissafi ne mai sauƙi. Masana tsabtar ruwa suna so a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Fili mai ƙafa 50 sau 50 kowane gefensa mita 15 ne da ɗan ɗoriya, daga kusurwa zuwa kusurwa ma bai wuce mita 22 ba. Ko filinka ƙafa 50 sau 100 ne, ka kai rijiya can ƙarshe, masan maƙwabcinka yana bayan katanga. A tsofaffin unguwanni na cikin ganuwa, inda gidaje suke manne da juna tun kaka da kakanni, babu rijiyar da za ta cika wannan sharaɗi. Ƙasar Katsina kuma yashi ya yi mata yawa, ruwa na ratsa ta da sauri. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa ya haɗu da abin da ke cikin masai, shi ya sa zawo da amai suka fi yawa a lokacin, kamar yadda aka gani a annobar kwalara ta 2021 da ta taɓa Katsina da maƙwabtanta.

Akwai abin da ya fi ƙwayar cuta wuyar sha'ani a rijiyar gari, wato naitiret, wanda ke fitowa daga masai da takin dabbobi. Tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri tunda ruwa ne ke ƙonewa shi yana nan. Kulorin ma ba ya taɓa shi. Babba zai sha bai ji komai ba, amma jariri ɗan ƙasa da wata shida da aka dama wa madara da irin wannan ruwa, jininsa kan kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi. Wannan kaɗai ya isa a ce kada a haɗa wa jariri komai da ruwan rijiyar cikin gari.

In dole rijiyar za a sha, a gina mata baki ya kai kwankwason babba, a zuba daɓen siminti kewaye da ita kamar taku biyu ta kowane gefe, mai gangara zuwa waje, a yi mata murfi. Guga ɗaya za a ware mata, a rataye shi da igiyarsa a ƙusa. Igiyar da ake yarwa a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo, ita ce ke sauka cikin ruwa sau talatin a yini.

Bohol

Yawancin ruwan da Katsinawa ke sha yau daga bohol yake, ko an sani ko ba a sani ba, domin shi ɗan garuwa ke ɗebowa, shi kuma masu ruwan leda ke ƙullawa. Ɗanɗanonsa ba iri ɗaya ba ne. Bohol biyu a layi ɗaya, wannan ya yi daɗi wancan ya yi zartsi, gwargwadon zurfinsu da irin ƙasa ko dutsen da ruwan ya kwanta a ciki. Inda aka huda dutse aka samu ruwa a tsagarsa, yawanci bai cika yawa ba kuma yakan ja baya a watan Afrilu da Mayu. Inda aka samu shimfiɗar yashi da tsakuwa, ruwan ya fi yawa, sai dai wani lokaci yakan zo da ƙarfe.

Zurfi kaɗai ba ya tsare bohol. Abin da ke tsare shi aikin da aka yi a wuyansa ne. Bayan an saka bututun roba da mai ƙofofin da ruwa ke shiga ta ciki, an zuba tsakuwa a kewaye, wajibi ne a cike mitoci na sama, kamar uku zuwa shida, da kwaɓaɓɓen siminti. Nan ne masu haƙa da yawa ke rage kuɗi, su mayar da ƙasar da suka fitar su shafe sama da siminti kaɗan. Sai ruwan kwata da na sokawe su riƙa bin jikin bututun suna gangarawa har ƙasa, bohol mai mita hamsin ya koma shan ruwan saman ƙasa. Alamarsa ba ta ɓuya: duk bohol ɗin da ruwansa ke sauya launi ko wari bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, wuyansa a buɗe yake. Wanda zai ba da kwangilar haƙa, ya tsaya a wurin ranar zuba simintin, ya ƙirga buhunan da idonsa.

Sai tanki. Baƙin tanki ya fi fari ko shuɗi, domin haske ba ya ratsa shi balle gansakuka ta tsiro. Amma murfinsa ne abin dubawa. Iskar hunturu kan yaye shi, a kwashe watanni ba wanda ya hau ya gani, ƙura da kashin tsuntsu da ƙadangaru su yi ta faɗawa. Bohol mai kyau da tanki mai murfi, wanda ake wankewa duk wata shida, ruwansa abin dogaro ne ƙwarai.

'Yan garuwa

Babu wanda zai yi maganar ruwa a Katsina bai jinjina wa 'yan garuwa ba. Mutum ya turo kura mai jarka goma ko sha biyu, kowace lita 25, wato nauyin da ya kai kilo 250 zuwa 300, a cikin rairayi da zafin da ya haura digiri 40, ya kuma ɗauki jarkokin bibbiyu har bakin randa. Ba don su ba, unguwanni da yawa da sun tashi. A matsayin sana'a, saurinsu da sauƙin samunsu babu na biyunsu. Inda aikin ke da rauni shi ne jarkar.

Karɓi jarka ɗaya bayan an juye ruwan, ka ɗaga ta sama ka leƙa ta baki da hasken rana a bayanta. A yawancinsu za ka ga kore-kore ya lulluɓe gindi da kafaɗa, wurin da hannu ba ya kaiwa. Sa yatsa a cikin wuyanta, za ka ji santsi kamar na kuɓewa. Wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma duk ruwan da aka zuba, kome kyansa, sai ya ɗebi rabonsa. Jarkokin nan asalinsu na man gyaɗa ne, kuma hakan ba laifi in an wanke su da kyau. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi kuwa ba ta wankuwa har abada, don robar ta riga ta sha. Murfi ma abin lura ne. Da yawa sun ɓace, sai a toshe baki da leda ko a bar shi a buɗe, kura na tafiya ƙura na shiga. Haka tiyon da ake cika jarkokin da shi a bakin bohol, in an gama akan yar da shi cikin caɓalin da ke wurin, na gaba ya ɗauka ya zura a tasa jarkar.

Gyaran wannan bai da tsada. Gida ya tsayar da mai ruwa ɗaya, a san shi a san inda yake ɗebowa. Tambaya ce ta mutunci: "Malam, daga wane bohol kake kawo mana?" Mai gaskiya zai faɗa, har ya nuna maka. Abin da ya fi shi ne maigida ya sayi jarka biyu ko uku sababbi masu murfi, a yi musu alama, a riƙa ba mai ruwan yana cikowa, su zama na sha kaɗai. Sauran na kurarsa a yi wanka da wanki. Wankin jarka kuma ba kurkurawa ba ce: a zuba tsakuwa ƙanana cikin tafin hannu biyu, da ɗan omo da ruwa lita biyu, a rufe a girgiza da ƙarfi ta kowane gefe, a zubar, a ɗauraye sau uku, sannan a kife ta ta bushe. Sau ɗaya a mako ya wadatar. A lura kuma da lokacin bazara, sa'ad da layi ya yi tsawo a bohol, domin a lokacin ne wasu ke karkata zuwa rijiya mafi kusa, kuɗin kuma ɗaya. In ɗanɗanon ruwan da ka saba ya sauya rana ɗaya, ka tambaya.

Ruwan leda

Fiya wata ya samu karɓuwa ne saboda mutane suna ganin abin da aka rufe a leda aka buga masa lamba ya fi ƙarfin zargi. Wani ya cancanci wannan yarda, wani bai cancanta ba, kuma bambancin yana cikin ɗakin da ba ka gani. Kamfanin da ke aiki bisa ƙa'ida yana jawo ruwa daga bohol zuwa tanki, ya ratsa shi ta tukunyar yashi, sannan ta gawayin da aka sarrafa wanda ke ɗauke wari, sannan ta matatai masu kama da kyandir, daga mai maikiron 5 zuwa 1 zuwa rabi (maikiron ma'aunin ƙanƙantar ƙofofin matata ne). Masu hali suna ƙara na'urar RO, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi ta raba shi da gishiri da naitiret. Daga ƙarshe ruwan ya wuce ta gaban fitilar UV da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya shiga injin ƙulli. Kowane mataki yana da inda yake lalacewa. Matatar da ta toshe aka ƙi sauyawa takan zama ita ce matattarar datti. Gawayin da ya gaji ba ya ɗauke komai. Fitilar UV kuwa ita ce mafi yaudara, domin ƙarfinta na ƙarewa bayan kamar shekara guda tana aiki, amma tana ci gaba da haske, mai kamfani yana ganin wuta ya ɗauka lafiya lau.

Ta baki za ka iya rarrabe su kaɗan. Wanda ya bi ta RO yana da sauƙi, ba ya tsayawa a harshe, wasu ma sukan ce salam yake. Wanda yashi da gawayi kaɗai ya bi, ɗanɗanon bohol ɗinsa yana nan, in mai zartsi ne za ka ji. Ɗaci-ɗacin roba kuma na zuwa ne daga rana: jakunkunan da aka jibge a bayan mota ko a ƙofar shago suka yini suna gasuwa. Lambar NAFDAC a jikin leda tana nuna an yi wa kamfanin rajista, amma ba ta ba da labarin abin da ya faru a ɗakin a makon jiya ba, kuma akwai masu buga lambar ƙarya. Duk da haka ledar da ba ta da lamba, ko cikakken adireshi, ko ranar da aka yi ta, a bar ta. Wa'adin ruwan leda wata biyu ne. Ɗaga ledar ka duba ta a haske, in ka ga wani abu na yawo ko ruwan ya yi hazo, ka mayar. Matsa ta kaɗan, in tana tsiyaya ta wajen ɗinki, abin da ya fita ta nan wani abu ma ya shiga. In rubutun jikinta yana goguwa ya bi yatsa, wannan tawadar bakinka za ta.

Abin da aka fi mantawa shi ne bayan ledar. Ta kwanta a ƙasan shago, ta bi hannun mai lodi da mai talla, ta yi iyo a cikin kular da ƙanƙarar cikinta ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, ga hannun da ke karɓar kuɗi shi ke tsamo ta. Sai mutum ya kai kusurwarta baki ya ciza. Ledar da ruwan cikinta ke da tsabta ma ta nan take kawo ciwo. A ɗauraye ta, ko a yanka da almakashi a juye a kofi, musamman in yaro za a ba.

Ta fuskar aljihu kuwa, jaka ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita, wato lita 10 ke nan. Gida mai mutum takwas da bazara, in kowa ya sha lita uku, ana bukatar lita 24 a yini: jaka biyu da rabi kullum, abin da jarka ɗaya tak za ta ɗauka. Kowa ya kwatanta kuɗin biyun a unguwarsu. Ga kuma ledoji hamsin da gidan zai zubar kowace rana, waɗanda ke toshe kwalbatoci har ruwan damina ya rasa hanya ya koma cikin gidaje da rijiyoyi. Ruwan leda na kan hanya ne da kasuwa da wurin biki. A mai da shi ruwan gida na kullum, asara ce.

Ruwan gora na manyan kamfanoni ya fi tabbas, tsadarsa ce ta sa ya zama na baƙo da maras lafiya. A dai duba zoben murfin bai karye ba, don ana sake cika tsofaffin goruna. Ruwan sama da aka tara daga indararo shi ya fi kowanne sauƙi a baki, amma ruwan farkon damina wankin kwanon rufi ne, yana ɗauke da ƙurar wata bakwai da kashin tantabaru. A bar na farko da na biyu su wuce, kuma a kowane ruwa a bar mintunan farko su zuba kafin a tara.

Tsakanin jarka da randa

Ko daga ina ruwan ya fito, aikin minti biyar a gida yana sauya shi. In ya zo da laka, a fara kwantar da ita. Ɗan gutsuren alif a juya shi a cikin bokiti sau kaɗan a cire, kada a bar shi ya narke duka, don yawansa na sa ruwa bauri da tsami. 'Ya'yan zogale busassu ma suna wannan aiki: a ɓare, a daka ƙwayar ta yi laushi, kimanin ƙwaya ɗaya ga kowace lita ta ruwa mai laka, a dama da ɗan ruwa a zuba, a juya da sauri minti ɗaya sannan a hankali minti biyar, a bar shi sa'a ɗaya ko biyu. A tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta. Sai dai alif da zogale laka suke kwantarwa, ruwan ya yi kyan gani amma da sauran aiki.

Kashe ƙwayoyin cuta hanya biyu ce mai sauƙi. Ko a tafasa har ya yi ta ɓulɓula na cikakken minti ɗaya, ko a sa kulorin da aka yi don ruwan sha, irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba ko fakiti. A girgiza jarkar, a rufe, a jira minti 30 kafin a sha. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa, a zuba a sha nan take, ko kuma a ƙara yawa don a ga ya fi aiki, ruwan ya yi warin da yara za su ƙi shi su koma rijiya. Tafasasshen ruwa yakan yi salam saboda iskar cikinsa ta fita. A sheƙa shi tsakanin kwano biyu masu tsabta sau da yawa, daɗinsa zai dawo. Mai tankin lita 1,000 kuma, giram 3 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ya ishe shi, wato ɗan fiye da rabin ƙaramin cokalin shayi, a narkar a bokiti a bar farin garin ya kwanta, a tsiyaye na saman a zuba a tanki.

Daga nan sai randa, kuma babu firijin da ya kai ta ba ruwa daɗi. Jikinta na tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, busasshiyar iskar Katsina tana ɗauke shi tana tafiya da zafin, shi ya sa ta fi sanyi a bazara da hunturu fiye da damina. A ɗora ta a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa inda iska ke wucewa. A sa maganin tun a jarka, a jira minti talatin ɗin, sannan a juye, domin yumɓu na shanye ƙarfin kulorin da wuri, wanda hakan ma ke sa warin ya ɓace. Amma wannan na nufin ruwan cikin randa ba shi da sauran kariya, kuma moɗa ce ke buɗe masa ƙofa. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗar da ke kife a ƙasa, ya zura hannu har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar. A sami moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a jikin bango, ita ta ɗiba kaɗai, a juye a kofi a sha. Wanda zai iya, ya sa magina su huda masa randa kusa da gindi tun tana ɗanya a dasa kan famfo na roba, murfin kuma ya zauna a rufe. Kada a riƙa ƙara sabon ruwa a kan tsoho: duk kwana biyu ko uku a juye ragowar, a goge cikinta da soson da aka ware mata ba tare da sabulu ba, don yumɓu na riƙe ƙamshinsa, a ɗauraye da ruwan da aka riga aka sa wa magani, sannan a cika.